Ciwon Suga: Rabin Maganinsa Yana Hannun Uwargida

   

A wannan watan zancenmu a kan ciwon suga ne. A da, idan aka ambace shi sai a ce ai ciwon masu kuɗi ne, na alhazan birni masu shan shayi da madara. Yau kuwa da wuya ki ƙirga gida biyar a layinku ba ki samu mai shi ba: ko surukarki, ko maigida, ko maƙwabciya, ko ke kanki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu wannan ciwo sun tashi daga miliyan 200 a shekarar 1990 zuwa miliyan 830 a 2022. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya kuma, a ƙididdigarta ta 2021, ta ce akwai manya kusan miliyan 24 masu shi a yankin Afirka, daga ciki kimanin miliyan 3.6 a Nijeriya suke, kuma fiye da rabin na Afirkan ba su ma san suna ɗauke da shi ba.

Mun san halin da muke ciki. Asibiti da nisa, layi da tsawo, likita ɗaya mutane ɗari, magani da tsada, wuta kuma sai an ga dama. To amma 'yar uwa, ki riƙe wannan: mai ciwon suga yakan ga likita na 'yan mintuna ne a wata ɗaya ko wata uku, sauran kwanakin duka a gida yake yin su, a gaban tukunyarki. Abin da ya fi kwantar da mutanenmu shi ne yankewa: a fara magani a daina, a je asibiti sau ɗaya a ɗauke ƙafa. Hana wannan yankewar kuwa yawancinsa a hannunki yake, kuma da yawa daga cikinsa ba ya cin ko kwabo.

Mene ne ciwon suga?

Duk abincin da ya ƙunshi sitaci, kamar tuwo da shinkafa da burodi da doya, idan ya shiga ciki narkewa yake yi ya koma suga, ya shiga jini. A bayan tumbi akwai wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas, ita ke fitar da wani sinadari mai suna insulin. Aikinsa kamar na makulli ne: shi ke buɗe wa suga ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka, jiki ya sami ƙarfi. Idan insulin ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina jin sa, sai suga ya taru a jini. Wannan taruwar ce take cin jijiyoyi a hankali, ta taɓa ido da ƙoda da zuciya da ƙafa.

Iri uku ne kika fi buƙatar sani. Na farko shi ne wanda jiki ya daina yin insulin kwata-kwata. Ya fi kama yara da matasa, kuma mai shi ba shi da makawa sai allura kullum. Na biyu shi ne ya fi yawa, sama da tara cikin goma, ya fi zuwa da girma, da ƙiba musamman ta tumbi, da rashin motsa jiki, da gado. Na uku shi ne wanda ke tasowa lokacin juna biyu.

Alamominsa sun haɗa da yawan fitsari har cikin dare, ƙishirwar da ba ta yankewa, rama duk da ana ci, kasala, gani dishi-dishi, gyambon da ya ƙi warkewa, da jin ƙafa kamar ana tsira allura ko ta yi dundurus. Ga mata akwai ƙaiƙayin gaba da ke tafiya yana dawowa. Mata nawa ne suka shekara suna shan maganin sanyi, daga wannan mai magani zuwa wancan, alhali suga ne? Idan sanyinki ya ƙi jin magani, ki nemi a auna miki suga.

Ki kuma lura da yara. Yaron da ya daina fitsarin kwance sannan ya dawo yana yi, yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana ramewa, kada a tsaya dukansa ko a ce kambun baka ne. Idan ya kai ga amai da ciwon ciki da numfashi mai zurfi da sauri, to a ɗauke shi zuwa asibiti a wannan sa'ar, a ce musu a auna suga, domin sau da yawa akan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne har lokaci ya ƙure.

Lambobin da ya kamata ki haddace

Na'urorin awon suga iri biyu ne, wata tana nuna babbar lamba, wata ƙarama. Idan kika ninka ƙaramar sau 18 za ki sami babbar. Idan aka auna mutum da safe kafin ya ci komai aka sami 126 ko sama da haka, wato 7.0 a ƙaramar lamba, kuma aka maimaita aka sake samun haka, to ciwon ya tabbata. Haka nan idan aka sami 200 ko sama, wato 11.1, a kowane lokaci tare da alamomi.

Wanda yake kan magani, abin da likitoci suka fi so ga yawancin manya shi ne ya tashi da safe tsakanin 80 da 130, bayan cin abinci da awa biyu kuma kada ya haura 180. Ƙasa da 70, wato 3.9, suga ya faɗi, kuma wannan haɗari ne na nan take. Akwai kuma gwajin da ake rubuta wa HbA1c, wanda ke nuna yadda suga ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce. Ko sau biyu a shekara aka samu aka yi shi, ya taimaka ƙwarai.

Ki sami littafin rubutu irin na 'yan makaranta ki ware shi don wannan. Ki ja layi: rana, lokaci, lambar suga, lambar hawan jini, maganin da aka sha, da abin da aka ci idan lambar ta yi sama. A shafin farko ki rubuta sunayen magungunan da adadinsu. A asibitocinmu ba lallai ne ki tarar da likitan da kika gani wancan karon ba, wani lokacin ma fayil ya ɓata. Wannan littafin shi ne zai yi magana a madadinki cikin minti biyu. Idan 'yan tsinken da ake ɗiga jini a kai sun yi tsada, ba dole sai kullum ba ga wanda ƙwaya kawai yake sha kuma sugansa ya daidaita. Ki tambayi likita sau nawa ya wadatar a mako. Mai allurar insulin shi ne ke buƙatar awo akai-akai. Idan kuma gida biyu ko uku suka haɗa kuɗi suka sayi na'ura ɗaya, to kowa da allurar hudarsa, a kuma goge na'urar bayan kowane awo, saboda gudun ciwon hanta da sauran cututtukan da ke bin jini.

Magani ba a yi masa hutu

Mun saba da zazzaɓi: a sha magani kwana uku a warke a manta. Ciwon suga da hawan jini ba haka suke ba. Idan kin ji sauƙi, alama ce maganin yana aiki, ba alamar ciwon ya tafi ba. Ranar da aka ajiye shi, suga zai koma inda yake, a shiru, ba tare da wani ciwon kai da zai yi miki gargaɗi ba.

Ƙwayar da aka fi fara bayarwa ita ce metfomin, wadda wasu suka sani da sunan Glucophage. Ana shan ta tare da abinci, domin takan ɓata ciki a kwanakin farko, sannan jiki ya saba. Akwai kuma irin su Daonil, waɗanda ke matsa wa jiki ya fitar da insulin. Su kam idan aka sha ba a ci abinci ba, suga na iya faɗuwa, musamman ga tsofaffi. Kada ki ba wa wata naki don kin ga alamominku iri ɗaya ne, kada kuma ki karɓi na wata.

Maganar tsada gaskiya ce. Tun daga 2023, da darajar naira ta faɗi, kuma kamfanoni irin su GSK da Sanofi suka sanar da daina sayar da magungunansu kai tsaye a Nijeriya, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Ga abin da za ki iya yi. Na ɗaya, ki faɗa wa likita gaskiyar aljihunki ba kunya. Sau da yawa akwai magani mai sinadari iri ɗaya na wani kamfanin da ya fi araha. Na biyu, kada ki raba ƙwaya biyu ko ki riƙa tsallake rana da kanki don ta daɗe. Ki bari likita ya tsara miki abin da za ki iya ɗorewa a kai. Na uku, ki sa kuɗin magani a lissafin cefanen wata, layi ɗaya da shinkafa da mai. Muna yin adashe don biki da anko. Adashen magani ya fi su cancanta. Ki sayi na gaba tun saura na mako guda. Na huɗu, ki bincika inshorar lafiya. Dokar hukumar NHIA ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, kuma jihohi suna da hukumominsu, kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. Maigida ya je ya ji sharuɗɗan shiga da irin magungunan da suke ɗauka.

Ki sayi magani a kantin da aka sani, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Maganin da ya yini a faranti ko bayan mota cikin rana ba abin dogaro ba ne.

Sai masu lasifika a bakin kasuwa da masu talla a rediyo da waya, da ke cewa kwana arba'in sun raba ki da suga har abada. 'Yar uwa, da akwai wannan maganin, da duniya ta yi layi a ƙofarsa. Zogale da shuwaka da tafarnuwa da hulba abinci ne, ki ci abinki a miya da kwaɗo, amma ba sa maye gurbin ƙwaya ko allura. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba kuwa sun sha kai mutane ga wankin ƙoda. Duk abin da ake sha a gida, a faɗa wa likita.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mata musamman: ƙwayoyin sa ƙiba irin waɗanda ake kira "sha ka fashe". Da yawansu suna ɗauke da sinadarin da ke ɗaga suga da hawan jini, har ya jawo ciwon ga wadda ba ta da shi. Wasu mayukan bilicin ma suna da irin wannan sinadari. Haka kuma magungunan ciwon jiki masu ƙarfi da ake saya barkatai a kemis, yawan shan su yana cutar da ƙoda, balle ga mai suga.

Insulin a garin da babu wuta

Mutane da yawa suna jin an ce allura sai gabansu ya faɗi, su ce an zo ƙarshe. Ba haka ba ne. Kafin 1921, lokacin da Frederick Banting da Charles Best suka fitar da insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada, yaron da ya kamu da nau'in farko ba ya daɗewa. A watan Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurar, ya kuma rayu da ita shekaru. Saboda haka ne ma ake ranar ciwon suga ta duniya kowace 14 ga Nuwamba, ranar haihuwar Banting.

Tambayar da kowa ke yi ita ce, ina za a ajiye shi ba firij? Kwalbar da ba a buɗe ba ta fi son sanyin firij, tsakanin digiri 2 zuwa 8, amma ba wajen ƙanƙara ba. Insulin da ya daskare ya lalace. Wadda aka buɗe kuwa takan yi kimanin mako huɗu a wuri mai inuwa. A 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Jeniba sun fitar da sakamakon bincike da suka yi bisa yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a ƙasar Kenya, inda zafin ɗaki ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, suka tarar insulin bai rasa ƙarfinsa ba har tsawon mako huɗu.

A watannin bazara zafinmu yakan wuce haka, to a nan ne tukunyar ƙasa take da rana. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a jihar Jigawa, ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya don adana kayan miya. Haka za ki yi: ki sa ƙaramar tukunya cikin babba, ki cike tsakaninsu da yashi, ki jiƙa yashin safe da yamma, ki rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, ki ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa. Ki sa kwalbar insulin a cikin ɗan gwangwani mai murfi kafin ki saka, kada ruwa ya taɓa ta. Ki rubuta ranar da kika buɗe. Idan kika ga launinsa ya sauya ko ya yi gudaji, kada a yi amfani da shi. Ki kuma duba lambar da ke jikin kwalbar, 40 ko 100, ta zama daidai da ta jikin sirinji, domin saɓaninsu yana sa a yi wa mutum fiye ko ƙasa da abin da aka rubuta masa.

Tukunya ɗaya ta ishi gida

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ware mai ciwo, a ce daga yau sai alkama da acca. Ga tsada, ga gundura, bayan wata biyu sai ya yi tawaye. Alkama da acca su ma sitaci ne. Malmala uku ta tuwon alkama za ta ɗaga suga kamar kowane tuwo. Abin lura shi ne yawa da kuma abin da aka haɗa da shi.

Ki raba faranti gida huɗu a zuciyarki. Kashi biyu ganye: zogale, rama, alayyahu, yakuwa, kabeji, lansir, kuɓewa, yalo. Kashi ɗaya mai gina jiki: wake, kifi, ƙwai, nama ko awara. Kashi ɗaya tuwo ko shinkafa, kamar girman dunƙulen hannun mai ci. Tuwon dawa ko gero da ba a surfe shi ƙwarai ba ya fi farin gari. Shinkafa da wake ki rinjayar da wake. Alale, dafaffen wake, kwaɗon zogale ba sukari, ɗanwake da kabeji, duk abincinmu ne kuma ba su fi ƙarfin talaka ba.

Abin da ya fi ɓarna shi ne na sha: lemon kwalba, shayi mai cokali huɗu, zoɓo da kunun zaƙi da aka cika wa sukari, koko da fura da aka zuba wa sukari. Zuma da mazarƙwaila da rake su ma suna ɗaga suga. Dabino ɗaya ko biyu ya isa. Lemon zaƙi a ci shi da ɓargonsa ya fi a matse. Alkaki da nakiya da dubulan a bar su sai ɗan ɗanɗano ranar biki. Kada kuma a tsallake abinci. A ci a kan lokaci, musamman mai allura.

Hawan jini abokin tafiyar suga ne, idan suka haɗu su ne ke kawo shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda. Daga 140 bisa 90 an shiga hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano da kanwa. Ki rage su sannu a hankali, ki ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa, harshe zai saba. Wannan girkin zai amfani kowa a gidan, har da yaran da suka gaji ciwon a jini.

Motsa jiki kuma, minti 30 a rana, kwana biyar a mako. Ba sai kin fita ba. Zagaya tsakar gida da sauri bayan cin abinci, shara, daka, wanki, duk suna cikin lissafi. Abin gudu shi ne yini a zaune ana aiken yara har ɗauko ludayi.

Ƙafa, ido da ƙoda

Suga yana kashe jin ƙafa, mutum ya taka ƙusa bai sani ba. Yawancin ƙafafun da ake yankewa daga ɗan ƙaramin rauni suka fara. Kullum da daddare a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu; idan tsohuwa ce ba ta gani sosai, ke ki duba mata. Bayan alwala ko wanka a tsane tsakanin yatsu. A shafa mai a dunduniya saboda faso. Kada a yanke kaushi da reza, kada a je wa mai yankan farce na kan titi. Kada a yi tafiya ba takalmi ko a tsakar gida, a kuma zazzage takalmi kafin a saka. Lokacin hunturu kada a kai ƙafa kusa da kaskon wuta, a gwada zafin ruwa da gwiwar hannu. Lalle mai duhu yana ɓoye rauni da sauyin launi, sai a ƙara sa ido. Duk ciwon da ya yi ja, ya kumbura, ko ya fara ruwa, a kai asibiti washegari, kada a tsaya barbaɗa gari.

Ido da ƙoda a duba su sau ɗaya a shekara ko da ba a jin komai, domin lokacin da za su yi ƙara ɓarna ta yi nisa. Manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri, suna da likitocin wannan fanni, ga kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Awon wata-wata a yi shi a asibiti mafi kusa, a tanadi kuɗin motar babban asibiti don wannan duba ta shekara.

Idan suga ya faɗi

Wannan kowa a gidan ya san shi, har yara. Alamominsa: rawar jiki, gumi, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, jiri, sambatu ko faɗa ba dalili. Idan mutum yana iya haɗiya, a ba shi ƙaramin cokali uku na sukari a ruwa, ko rabin kofin lemon kwalba. A jira minti 15, idan bai dawo daidai ba a ƙara, sannan ya ci abinci. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti. Kada a ɓata lokaci ana cewa iska ce ta buge shi. Mai allura ko Daonil kada ya fita ba sukari a aljihu, da 'yar takarda mai cewa yana da ciwon suga.

Ranar da zazzaɓi ko gudawa ya kama shi, suga yakan hau ko da ba ya cin abinci. Kada a dakatar da insulin, a yawaita ruwa da awo. Idan amai ya hana shi riƙe komai, asibiti ne maganar.

Mai juna biyu da mai jego

Ki riƙa zuwa awo, ki nemi gwajin suga tsakanin mako na 24 da na 28, musamman idan kin taɓa haifar jariri mai nauyin kilo 4 ko fiye, ko kin yi ɓari ko haihuwar da ba rai ba tare da an san dalili ba, ko akwai ciwon a danginku. Yakan tafi bayan haihuwa, amma ki sake awo bayan arba'in, sannan lokaci-lokaci, domin yana iya dawowa daga baya. Wadda take da ciwon tun da farko ta ga likita kafin ta ɗauki ciki. A jego kuma a yi hattara da yawan kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta shi da ciwon zuciyar masu jego.

Maganar azumi

Wannan ita ce tambayar da ɗalibaina matan aure suka fi yi idan Sha'aban ya kama. Shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame, karɓar rangwamen kuma ba raunin imani ba ne. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta zauna a kan wannan batu a Sharja a 2009, ta kuma kasa masu ciwon gida-gida bisa girman haɗari, ta hana azumi ga waɗanda zai cutar. A ga likita tun mako shida zuwa takwas kafin Ramadan domin ya sauya lokutan magani. Mai nau'in farko da sugansa bai daidaita ba, mai juna biyu, mai ciwon ƙoda, da wanda sugansa ke yawan faɗuwa, galibi shawarar ita ce su ajiye. Batun ramuwa ko ciyarwa sai a tambayi malami. Wanda aka yarje wa, ya jinkirta sahur, ya yi awo da rana, domin huda yatsa ba ya karya azumi. Idan ya ga ƙasa da 70 ko sama da 300, ko ya ji alamun faɗuwa, ya sha ruwa nan take ko da saura minti goma a kira sallah. Da buɗa-baki kuma kada a haɗa masa kunu mai sukari da soyayyen dankali da lemo a zama ɗaya.

Daga ƙarshe

'Yar uwa, idan ke ce mai ciwon, kada ki ɓoye wa maigida don tsoron gori ko kishiya. Ranar da suga ya faɗi, wanda ya sani shi ne zai cece ki. Idan kuma kina jinyar wani ne, ki yi haƙuri da shi, domin a hana mutum abin da ya saba ci shekara hamsin ba ƙaramin abu ba ne. Lallashi ya fi tsawa aiki.

Kafin wata mai zuwa ki yi abu uku: ki je a auna ki, suga da hawan jini, ko da kina jin garau, musamman idan kin haura 35 ko akwai shi a gidanku, ki sayi littafin nan ki ja masa layi, ki kuma zauna da maigida ku sa kuɗin magani a lissafin wata. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri, Ya hore mana abin da za mu kula da iyalanmu.